Warin Maɓallin Shahd

Safiyar Alhamis ɗin nan Ja'afar ya kasa zaɓen linkis, wato maɓallin hannun riga, da zai sa. Ya ɗaura na dutsen aƙiƙ a hannun kaftaninsa, ya kalli madubi, ya cire. Ya ɗauko na tagulla mai zanen tauraro, shi ma ya cire.

Gidaɗo, abokin zamansa a ɗakin da suke haya a unguwar Faisal, yana kwance da littafin fiƙihu kife a ƙirji.

"Akhi, gidan tarihi za ka ko ɗaurin aurenka? Wallahi da haddarka ta kai yawan maɓallan nan, da kai ke jan mu tarawihi."

"Ka ji da taka haddar, Bafillace. Jiya a gabana ka tsallake shafi guda."

"Na ji. A gai da Shahd. Ka gaya mata tun yanzu, rabin zuciyarka na cikin akwatin katakon maɓallanka, ita saura za ta samu."

Gidaɗo bai yi ƙarya ba. Tun da Ja'afar ya zo Alƙahira karatun shari'a yake tara maɓallan hannun riga. Da na kawunsa tela ya fara, wanda ya taho da shi daga Zariya, daga nan abin ya zama ciwo. Kasuwar Juma'a, lungunan Ataba, teburan 'yan gwanjo na bayan Khan Khalili, babu inda bai tsugunna ya tona ba. Zinariya ce kawai ba ya taɓawa, tunda ba ta halatta ga namiji ba. Kuma akwai abin da ransa ba ya iya ɗauka: ganin wari shi kaɗai. In ya tsinci maɓalli ɗaya babu ɗan'uwansa, sai ya yi watanni yana nema, kamar wanda aka ba amanar maraya.

Yau akwai wani ɗan ƙaramin akwati a aljihunsa wanda ko Gidaɗo bai san da shi ba.

Shahd 'yar Hausawan Sudan ce, haifaffiyar Umdurman. Tana karatun zane a Khartum yaƙi ya tashe su, ita da mahaifiyarta Hajja Fatuma suka biyo hanyar arewa har suka samu ɗaki a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira. Mahaifinta, Abakar, ya tsaya tsaron gida. Tun daga lokacin babu wanda ya ƙara jin muryarsa.

A gidan tarihi suka haɗu. Ja'afar yana waya da ƙarfi a gaban wata tsohuwar ƙofa ta katako, sai ya ji an ce da Hausa, "Ya zol, bawan Allah, rage murya, ƙofar nan ta girmi kakanka." Daga ranar Alhamis ta zama tasu. Sun je gidan zane-zanen da ke tsibirin Zamalek, sun je na bakin kogi a Giza. Ita ta koya masa tsayuwa a gaban abu har sai abin ya fara magana. Shi kuma ya kamu, kamuwar da ba ta bar masa ko wurin numfashi ba.

A wuyan hannunta na hagu akwai baƙin zare, a jikinsa maɓallin hannu ɗaya tak, na azurfa, da jan dutse a tsakiya. Ya taɓa tambayarta.

"Na Yaba ne, babana," ta ce, ta ja mayafi ta rufe.

"Ɗan'uwansa fa?"

"Babu."

Wannan "babu" ɗin ita ta hana shi sukuni. Wata rana a ƙofar gidan tarihi na'urar bincike ta yi ƙara, aka ce ta cire abin hannunta ta sa a faranti. Kafin ta juyo Ja'afar ya ɗauki hotonsa, gaba da baya. Ya kai wa Am Osama, wani dattijon maƙerin azurfa a cikin Khan, ya ce a ƙera masa irinsa sak, har duhun tsufan da ke cikin zanen. Dattijon ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Sabo kake so ya zama tsoho, ya basha? Mutane akasin haka suke zuwa nema." Amma ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Ja'afar ya shirya kalamansa tsaf: ga ɗan'uwan warinki, kada ya ƙara kwana shi kaɗai, ke ma haka. Niyyarsa daga nan ya nemi izinin zuwa gaida Hajja.

A gidan kayan fasahar Musulunci na Babul Khalƙ ya same ta, tsaye a gaban fitilun gilashi na tsofaffin masallatai, inda ta fi so. Hasken rana yana ratsa shuɗin rubutun da ke jikinsu yana sauka a kan mayafinta.

"Ustaz ya makara," ta ce ba ta juyo ba. "Maɓalli ne ya riƙe ka, na sani."

"Maɓalli ne."

"Zo ka ga wannan. Dubi nan ƙasa, inda hannun mai rubutun ya ɗan karkace. Ka gani? Ya gaji, ko wani ya kira shi. Wannan ne abin da hoto ba ya nunawa."

Ya ciro akwatin, ya buɗe, ya miƙa mata a kan tafin hannu.

"Shahd, ga..."

Bai ƙarasa ba. Ta kalli abin da ke ciki, jinin fuskarta ya janye gaba ɗaya. Ta kai hannu ta fasa, ta sake kaiwa. Sai ta sulale ta zauna a kan marmara. Mai gadin ɗakin ya taso da sauri, ta ɗaga masa hannu alamar ba komai.

"Yana raye," ta ce. Muryar ba tata ba ce. "Ya Allah. Ya Allah! Yaba yana raye."

Ja'afar ya ji kamar an zare ƙasan ɗakin.

"Shahd, me..."

"Ba ka sani ba. Ba yadda za a yi ka sani, ni da Yumma, mahaifiyata, kaɗai muka sani." Hawaye suna zuba, tana dariya a cikinsu. "Ranar da ya kai mu tasha, a jikin mota ya cire su daga rigarsa. Ya ba ni ɗaya, ya riƙe ɗaya. Ya ce, duk wanda ya zo muku da labarina kada ku yarda sai ya nuna wannan. In kun gan shi, to ina raye, ni na aiko. Ka san mutum nawa suka zo mana, Ja'afar? Wannan ya ce ya gan shi a Atbara, wancan ya ce yana asibiti, a kawo na magani. Yumma takan ce, bai ba ku komai ku kawo ba? Sai su fara kame-kame. Shi ya sa ba ma faɗa wa kowa. Ko kai ban faɗa wa ba, ka yafe mini."

Ta roƙe shi gafara. Ita ce ta roƙe shi.

"Hoton nan ne ko? Wanda ka sa a zaurukan ɗalibai? Na san wani zai gani, wallahi na sani!"

Gaskiya ne, watannin baya ya yaɗa hoton mahaifinta a zaurukan ɗaliban Hausawa na waya, daga Alƙahira har Aswan. Babu wanda ya taɓa amsawa.

"Ki saurare ni," ya ce. "Abin da ya faru..."

"A'a! Kada ka faɗa mini." Ta miƙe tana share fuska da bakin mayafi. "Ba ni ya kamata in fara ji ba. Yumma kullum tana kan sallaya, ko ƙofa aka taɓa sai ta miƙe. Ita za ka yi wa albishir, da bakinka, ni in ji a bayanta. Ba zan kira ta a waya ba, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Yalla, taho!"

Ta damƙe maɓallin a hannu ta yi gaba. Ya bi ta. Suka ratsa ɗakin darduma, suka ratsa na tasoshin tagulla, abubuwan da suka saba tsayawa a gabansu har ƙafa ta yi sanyi. Yau ko kallo ba ta yi musu ba. A kowace ƙofa yana cewa a ransa, a nan zan tsayar da ita. A kowace ƙofa sai ta waigo da wannan fuskar da bai taɓa gani ba, fuskar yarinyar da take kafin yaƙi, sai maganar ta koma ciki.

A tashar Ramsis suka samu mikrobas, ƙaramar motar haya, mai zuwa Arba wa Nus. Ta zauna a gaba tsakanin wasu mata biyu, shi aka tura shi can baya, gwiwarsa a matse da buhun wani. Babu halin magana. Motar ta hau gada ta tsaya cak a cunkoso, ƙaho ta ko'ina, rana tana dukan gilashi.

Ya ciro waya ya fara rubuta mata. Ya goge. Wane irin namiji ne zai kashe wa mace uba ta saƙon waya, tana zaune tsakanin baƙi?

Sai wani tunani ya lallaɓo, mai laushi, mai daɗin baki. To in ya yi shiru fa? Ya ce wani matafiyi ne ya ba shi a Khan, ya ɓace cikin jama'a, bai bar suna ba. Wa zai gane? Hajja ta samu barci. Shahd ta ci gaba da wannan dariyar. Shi kuma ya zama mutumin da ya kawo haske gidan, wanda ba za a taɓa hana shi komai ba. Wataƙila ma Abakar ɗin yana raye da gaske, ƙaryar ta zama gaskiya da kanta.

Ya san sunan wannan tunanin. Ya karanta babinsa, ya ci jarrabawa a kansa. Amma bai taɓa sanin cewa waswasi yana zuwa da muryar tausayi ba.

Ya rufe ido, sai ya hango abin da zai biyo baya. Hajja za ta fara jiran ƙofa da sabon ƙarfi. Za ta ce a je Aswan a duba. Kuma in wata rana mai gaskiyar ya zo da ainihin maɓallin, ko da labari mai daɗi ko mai ɗaci, za su dube shi su ce ɗan damfara ne, ai namu ya riga ya iso. Abu ɗaya tak da mutumin nan ya bar wa iyalinsa don su gane muryarsa, shi Ja'afar ya sa aka ƙera na bogi.

Shahd ta waigo daga gaba, ta ɗaga dunƙulallen hannunta ta nuna masa, ta yi murmushi. Matar da ke gefenta ta tambaye ta wani abu, ya ji ta amsa da Larabci, "Babana. Mun samu labarin babana." Matar ta ce mabruk, wato barka, ta gefe ma ta ce mabruk, har direba ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillah. Gumi ya jiƙe bayan kaftanin Ja'afar.

Da suka sauka ba ta tsaya neman tuk-tuk, adaidaita sahunsu, ba, ta kutsa cikin lungu da ƙafa, kusan da gudu. Ƙamshin turaren Sudan da na gasasshen kofi yana fitowa daga shaguna. Wata mai sayar da kisra, gurasar Sudan, ta kira sunanta, ta ce, "Anjima, khalti, anjima!" Ya san layin, ya taɓa rako ta har bakinsa, bai taɓa wucewa ba. Ga ginin can, na jan bulo marar fenti. A barandar hawa na biyu wata dattijuwa cikin farin tob, lifayar matan Sudan, tana shanya kaya, ta ba su baya.

"Ga Yumma can," Shahd ta ce, ta buɗe baki za ta ƙwala kira.

"Shahd, ki tsaya. Don girman Allah ki tsaya."

Yadda ya faɗa ne ya tsayar da ita. Ta juyo.

"Ba daga wurin mahaifinki yake ba."

Ta yi masa kallon wanda ya yi magana da wani yare.

"Ni na sa aka ƙera shi. A Khan, wurin wani maƙeri. Na ɗauki hoton naki ranar da kika sa shi a faranti. Ban san ma'anarsa ba, wallahi ban sani ba. Na ga wari ne shi kaɗai, na so in..." Ya kau da ido. "Na so in ba ki kyauta."

"Ƙarya kake."

"Da ma ƙaryar ce."

"Ƙarya kake, Ja'afar! Tsoro kake ji, wani ya ce kada ka faɗa. Ko an kama shi ne? Faɗa mini, zan iya ɗauka."

"Ki haɗa su ki duba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja da baya zuwa inuwar ƙofar ginin, inda ba a hango su daga sama, ta buɗe hannunta. Maɓallin ya bar shaida a tafinta saboda damƙa. Ta kara shi da na wuyan hannunta. Ja'afar yana ganin lokacin da idonta ya sauka a wurin: a gefen jan dutsen nata akwai 'yar ɓantara ƙarama. A gefen sabon ma akwai, wuri ɗaya, girma ɗaya.

"Wannan ɓantarar," ta ce a hankali, "ni na yi ta. Ina ƙarama na sa shi a baki na ciza. Yaba ya ce to wannan ya zama naki. Nasa lafiyayye ne." Ta ɗago ta dube shi. "Har haƙorina ka kwafa."

Ja'afar ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka bar ni. Tun daga Babul Khalƙ ka bar ni ina ta murna a titi kamar mahaukaciya. Mata suna ce mini mabruk."

"Na kasa."

"Ka kasa." Ta yi wata dariya marar sauti. "Na yi wata da watanni ina koya wa zuciyata ta zauna wuri ɗaya. Yau ka mayar mini da shi, ka sake ɗauke shi. Sau biyu ke nan ina barinsa a tasha."

Daga sama muryar Hajja Fatuma ta sauko. "Shahd? Ke ce? Na ji kamar muryarki."

Shahd ta runtse ido. Ja'afar ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya ga mutum yana tattara fuskarsa da hannu kamar mai kwashe fasasshen gilashi. Ta goge ido, ta ja numfashi, ta leƙa waje.

"Ni ce, Yumma! Ina zuwa."

"Lafiya kika dawo da wuri? Akwai labari?"

Tambayar da take yi kullum ce, da ji ka sani. Muryar ba ta ma jiran amsa.

"Babu, Yumma. Kaina ne ke ciwo."

"To hawo, akwai zoɓon karkade a firij."

Shahd ta juyo ta saka maɓallin a cikin akwatinsa, ta rufe, ta ajiye a kan matakala maimakon ta miƙa masa.

"Ka kai a narkar da shi. A gabanka, ka gani da idonka. Hoton ma ka goge, na wayarka da na maƙerin. In akwai irin wannan guda biyu a duniya, na Yaba ba shi da amfani."

"Zan yi. Shahd, ni..."

"Khalas, ya isa, ya Ja'afar. Da ka bari ka hau benen nan, da ko sunanka ba zan ƙara faɗa ba. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan yau."

Ta haye. Ya tsaya yana jin takunta har ƙofa ta rufe a sama.

Kafin la'asar yana Khan. Am Osama ya juya maɓallin a hannu, ransa bai so ba. "Aikin da na yi da kyau haka? Ba ta so ba ne? In mayar maka da shi zobe, ya basha, zobe ba ya faɗuwa."

"A narkar kawai, Am Osama. Kuma ka goge hoton."

Dattijon ya dube shi da kyau, bai ƙara tambaya ba. Ya ɓalle dutsen ya farfasa shi da guduma, ya sa azurfar a kasko ya kunna wuta. Ja'afar bai ɗauke ido ba har zanen ya lanƙwashe, ya narke, ya zama ɗigo ɗaya mai sheƙi.

Sati ya zagayo babu kira, babu saƙo. Gidaɗo ya lura akwatin katakon bai buɗu ba ko sau ɗaya, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar abokinsa, ya ce, "Akhi, in dafa da kai?"

Ranar Alhamis Ja'afar ya sa riga mai hannu sake ya tafi Babul Khalƙ, ba don yana sa rai ba, don bai san inda zai kai kansa ba. Ya ratsa ɗakin darduma.

Tana nan a gaban fitilun. Baƙin zaren yana wuyan hannunta, mayafi bai rufe shi ba. Ba ta juyo ba, ba ta ce Ustaz ya makara ba. Hannu kawai ta miƙo gefe, tafin a buɗe. Ya ɗora mata ɗan dunƙulen azurfar. Ta juya shi da yatsa, ta duba ko'ina, ta tabbatar babu sauran zane, sannan ta mayar masa.

"Yumma ba ta sani ba," ta ce. "Jiya ma ta tambayi labari."

"Allah Ya kawo na gaskiyar."

"Amin."

Ya ja da baya zai ba ta wuri.

"Ban ce ka tafi ba," ta ce, idonta a kan gilashin. "Ka tsaya nan. Amma kada ka yi magana."

Ya tsaya.